Ramin Da Aka Rufe Da Filasta

Mai burodi ne ya kawo maganar, da hantsi, lokacin da ɗakin jira yake cike da mutane, kowa riƙe da 'yar kwalbarsa a leda yana kauce wa idon maƙwabcinsa. Bai yi sallama ba. Ya ɗora ambulan a kan teburin karɓar baƙi, ya buga masa tafin hannu har garin fulawa ya tashi.

"Ku duba bakinsa," ya ce. "A manne yake. Ni mai jinin ban karanta ba. Amma mai facin taya ya san ina da ciwon hanta. Masu shayi sun daina ɗaukar burodina. Matata ta ware min kofi da cokali. Wa ya kai jinina titi?"

Dakta ya fito daga ciki yana cire safar hannu. Ba likita ba ne, mai ɗakin gwajin jini ne, amma farar riga da tabarau sun daɗe da ba shi sunan, shi kuma bai taɓa mayarwa ba. Ya dubi mai burodi, ya ga ƙato ne. Ya dubi jama'a, ya ga suna da yawa. Sai ya dubi Auta, wadda ke buga sakamako a kwamfuta ta manne ambulan, ya ga ita ce daidai ɗauka. Gajeriyar katanga ai ita ake haurawa.

Bai kore ta a ofis ba. Sai da ya raka ta bakin ƙofa, ya tsaya a kan matakala, ya kira ta mai sayar da asirin bayin Allah, da muryar da ta sa mai facin taya a ƙetaren titi ya ajiye gudumarsa. Kafin rana ta karkata unguwa ta gama shari'a. Wasu suka ce dama idonta a tsaitsaye yake. Wasu suka ce sun taɓa ganinta tana dariya ita kaɗai a gaban kwamfuta. Wata mata da ba ta taɓa taka wurin ba ta ce Allah ne ya kiyaye ta.

* * *

Yayan Auta mai haɗa kwamfutoci ne, yana ja musu waya daga ɗaki zuwa ɗaki su riƙa gaisawa. Ɓera ake ce masa, don rabin rayuwarsa a cikin silin ya yi ta. Sunan ya dace da shi sa'ad da yake siriri. Yanzu tumbi ya fito, gwiwa tana kuka, sunan dai ya ƙi sakinsa, kamar rigar makaranta a jikin magidanci.

Washegari ta same shi a shagonsa yana kaɗa shayin da cokali ke iya tsayawa a ciki don sukari. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya san abin da zai ce.

"Yaya, 'yata ta dawo daga makaranta ta tambaye ni mene ne sayar da asiri."

"Haƙuri za ki yi, Auta. Aiki ai ba ya ƙarewa a duniya."

"Wa zai ɗauki mai tona asiri? Ko ruwa na kasa sayarwa, cewa za a yi zan faɗi wanda ya sha. Sunana nake so a dawo min da shi." Ta dubi nannaɗaɗɗiyar wayar da ke rataye a bango. "Shekara da shekaru ina teburin nan, ko ƙuda bai taɓa fita da labari ba. Ka kafa musu akwatinka watan jiya, yau ga shi."

Ɓera ya ajiye cokali. Korar ƙanwarsa ta ɓata masa rai, babu shakka, amma abin da ya tashe shi tsaye shi ne an taɓa mutuncin aikinsa. Allah ya yafe masa, haka aka halicce shi. Ya shanye shayin, ya rataya jakar kayan aiki, ya soka tocila a aljihu.

* * *

Akwatin da ake magana 'yar aba ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, masu sana'ar suna ce mata hob. Ramuka takwas ne a jere, kowane da 'yar fitila a kansa. Ka ja waya daga kwamfuta ka soka a rami, fitilar ta kawo kore, shi ke nan ta zama 'yar gida. Halin akwatin na tsohuwar da ba ta riƙe magana ne: abin da ya shigo ta rami ɗaya sai ta maimaita wa sauran duka.

Ɓera ya kafa ta ne a bangon sito, sama da firji, inda tsumman mai shara ba ya kaiwa. Waya ɗaya ta tafi teburin Auta, ɗaya ofishin Dakta, ɗaya na'urar gwajin jini, ɗaya firinta, ɗaya ta kawo intanet. Shi ya matse kan kowace da hannunsa, ya gwada ta, ya kafa ta a jikin katako. Ramukan da suka rage ya rufe su da baƙin salatif na masu gyaran wuta, saboda zanzaro, wanda bai taɓa ganin rami ya bar shi babu gini ba. Ɓera ya ce a sa kalmar sirri a jakar cikin kwamfuta inda sakamakon mutane ke taruwa. Dakta ya ce shi ko lambar wayarsa ba ya riƙewa, kuma duk nan 'yan gida ne. Bayan kowa ya tashi daga aiki, a matsayin tukuici, Dakta ya zuƙi jininsa ya ce zai gwada masa kyauta. Ɓera bai koma karɓa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. A ganinsa, ciwon da ba a karanta ba bai gama isowa ba.

"In roƙo ka zo yi mata, ka huta," in ji Dakta daga bakin sito.

"Akwatina na zo gaisarwa."

Ɓera ya hau kujera ya haska. Fitilu biyar, duka kore, babu ƙari. Ramuka biyu suna nan da baƙin salatif ɗinsu yadda ya bar su. Na ƙarshen kuwa an rufe shi da farar filasta ta ciwo, yanki biyu, tsawo ɗaya, an gicciya su tsaf, bakinsu yankan almakashi. Ya ɗaga a hankali da farce. Ramin fes, da 'yar gogewa a leɓensa, irin ta ramin da aka soka wa waya aka zare.

"Dakta, wa ya yi wa akwatina jinya?"

Dakta ya miƙa wuya. "Filasta ce. A aljihun teburinta akwai."

"A naka ma akwai."

"Wurina ne. Zan saci abina ne?"

"Wa ke da makullin siton nan?"

"Ni. Da ita. Da 'yan gida."

"'Yan gidan su nawa ne?"

Dakta ya duba agogo, ya ce mutane suna jiransa. Ɓera ya bi shi da ido ta ƙofa. Ya ga ya zare allura daga hannun wata dattijuwa, ya fizgi filasta da yatsa biyu, ya danna mata a karkace. Auta kuwa tun tana 'yar firamare da haƙori take yanke komai, uwarsu ta yi faɗa har ta gaji. Ɓera ya manna fararen yankunan a cikin murfin jakarsa.

* * *

Shiga silin sai da aka yi sulhu tsakanin tumbi da katako. Da ya samu ya haye, ya kwanta a kan ciki yana haki, ya bar tocila ta yi aikinta.

Ƙurar silin ba ta mantuwa. Ga sawun gwiwoyinsa na watan jiya, ga tafin hannunsa, ga inda ya zame ya faɗi a kan gwiwar hannu ya faɗi kalmar da ba ta dace da mai iyali ba. Ga wayoyinsa a jere a jikin katako. Can gefe kuma ga wani sawu da ba nasa ba: siririn layi kamar jan cikin maciji, ya taso daga saman firji ya miƙe. Wayar da ta yi shi an janye ta. A gefen layin akwai ɗigo-ɗigo, nan ɗaya, can ɗaya, irin na bakin sanda. Babu gwiwa, babu tafin hannu.

Wanda ya yi wannan bai hau ba. Daga ƙasa ya tsaya, ya ɗaga allon silin, ya riƙa turo waya da sanda kamar mai kora kaza daga ƙarƙashin gado.

"Ko kunya," in ji Ɓera shi kaɗai. "A gefen aikina."

Ya bi layin da rarrafe, ƙusa ta gaisa da gwiwar hannunsa, har ya kai kusurwar da bangaye suka haɗu: ɗakin gwaji a nan, shagon mai gyaran wayar hannu a dama, kemis a hagu. A nan 'yan uwansa na asali, masu wutsiya, sun yi taro sun tattake komai. Sawu ya ɓace.

* * *

Dama ya fara nufa, don duk unguwa can take nunawa da baki. Mai gyaran wayar hannu, da ake kira Injiniya, saurayi ne siriri mai gilashi a goshi, kuma ya san kwamfuta, wanda a unguwar nan rabin laifi ne. A bangon shagonsa ga wayoyi masu launin toka a rataye, irin na kanti, masu kai a haɗe. Ɓera ya nuna su da tocila.

"Wa ka sayar wa irin wannan kwanan nan?"

"Kawu, mutane nake sayar wa. Ba na tambayar sunan uba."

"Doguwa. Mai kaiwa daga nan zuwa siton can."

Injiniya ya ajiye abin da yake lallaɓawa ya yi dariya. "Au, ni ake zargi? Kawu, da ni zan yi satar nan, waya zan ja? A zamanin nan? Akwatin nan naka ma ni ban san ana samunsa a kasuwa ba. Na ɗauka gado ka ci."

"Yana aiki."

"Ai mun ga aikin."

Ɓera ya haɗiye wannan da ƙyar. Ya ɗaga tocila sama. Silin shagon a kafe yake da ƙusa, fenti ya bi ta kan kowane haɗi bai tsage ba. Ba a ɗaga allon nan ba tun da aka shafa shi. Sannan yaro irin wannan, mai jiki kamar tsinke, da hawa zai yi, ba zai tsaya wasa da sanda ba.

"Ba don komai ba, Kawu," in ji Injiniya, murya ƙasa-ƙasa, "ka yi sauri. Tun safe ana cewa kai da ƙanwarka kuka haɗa baki. Kai ka kafa, ita ta kwashe."

"Wa ya ce?"

"An ce."

* * *

Gidan burodi shiru, farantai a cike, burodi ya huce yana kallon rufi. Mai burodi yana zaune a kan buhun fulawa.

"Ni ma bin sawu nake yi," ya ce. "Masu shayi sun ce daga mai facin taya suka ji. Shi ya ce daga ƙanwar matata. Ita ta ce daga matata. Matata ta ce wani bawan Allah ne ya taimaka mata, ta yi rantsuwa ba za ta faɗi sunansa ba. Taimako. Ka ji abin da ake kira taimako. Dakta da bakinsa ya ce irin nawa ba ya bin burodi, amma je ka gaya wa titi."

Ɓera ya ce, "Me aka ce mata? Yadda aka faɗa nake so, ba yadda ya iso titi ba."

Mai burodi ya murza goshi. "Wai a ware min reza. In rage maiƙo. In daina shan magani barkatai."

Ɓera ya fito yana juya maganar. Ya san masu tsegumi, a cikinsu ya girma, wasu ma ya ci abinci a gidansu. Mai tsegumi yakan ce, kin ji abin da ya samu wane? Bai taɓa jin wanda ya haɗa da a rage maiƙo ba.

* * *

Rana ta take, maƙogwaronsa ya bushe, gwiwar hannu tana zugi. Ya shiga kemis ne don akwai firji, ba don zargi ba. Wa zai zargi Mai Kemis? Wan Dakta ne uwa ɗaya uba ɗaya, dattijo mai furfura a gyare, kwalabensa a jere kamar 'yan fareti. Rabin yaran unguwa shi ya sauke musu zazzaɓi.

"Sannu, Ɓera. Na ji abin da ya faru. Yarinyar kirki, wallahi. Amma ka san mata da magana."

Ɓera ya ciji leɓe, ya buɗe firji, ya ɗauko lemo mai sanyi. Bai kai ga murɗe murfin ba Mai Kemis ya zagayo, ya zare kwalbar daga hannunsa kamar an kama yaro da wuƙa, ya danƙa masa ta ruwa.

"Kai da sukarinka ya yi wannan hawan? So kake a yanke maka ƙafa?"

Abin da ya fara zuwa wa Ɓera ba hikima ba ce. Sanyi ne ya taso daga tafin ƙafarsa, ƙafar da aka ambata, ya ji tana yi masa sallama. Ya tuna shayin safe. Ya tuna na jiya. Sai da ya kurɓi ruwan, wanda bai ji ɗanɗanon komai a ciki ba, sannan kansa ya dawo ya tambaye shi: kai da kanka ba ka sani ba, shi a ina ya sani?

"Allah ya saka, Baba," ya ce. "Ko za ka duba min nan? Ƙusa ce."

Dattijon ya ji daɗi. Ya goge ciwon da auduga, ya jawo filasta, ya ɗauki ɗan almakashi daga aljihun gaba, ya yanka biyu, ya gwada tsawonsu da juna, ya gicciya su tsaf. Yana yi Ɓera yana kallon sama kamar mai jin zafi. A saman kantar kusurwa, allon silin ɗaya bai zauna daidai ba, an ɗan ɓantare gefensa, daidai wucewar waya. A ƙasansa ga kwamfutar shagon. A jingine da bango ga doguwar sandar da ake sauko da kwalaye daga saman kanta, yanar gizo-gizo da baƙar ƙura a bakinta, a shagon da ko ƙasan firji ana gogewa.

"Kar ka bari ruwa ya taɓa," in ji Mai Kemis.

"Ba abin da zai taɓa shi," in ji Ɓera.

* * *

Ɓera ya aika a kira Auta da mai burodi. Ya leƙa ya ce wa Injiniya ya zo ya ga akwatin gadon yana aiki. Sannan ya shiga sito, ya zare wayar wutar akwatin, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Fitilu suka mutu. Firinta ta tsaya da rabin takarda a baki.

Dakta ya fito kamar an taka masa wutsiya. "Me ka yi? Mutane suna jiran sakamako."

"Za su samu. A kira Baba Mai Kemis."

"Yaya Babba? Me ya haɗa shi da wannan?"

"Yana da makullin sito?"

Dakta ya kau da kai. Aka kira Mai Kemis. Ya shigo yana goge hannu, ya gaisa da masu jira ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ciwon da ya taɓa kawo masa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa sosai.

Ɓera ba mai jawabi ba ne, ya faɗa yadda ya iya. Ya ce an soka waya a ramin da ya rufe, kuma duk wanda ya samu rami a akwatin nan ya shiga jakar sakamako, tunda mai wurin ya ce ba ya riƙe kalmar sirri. Ya ce wanda ya ja wayar bai hau silin ba, da sanda ya tura. Ya ce da rigima ta tashi an zare ta, an rufe ramin. Ya buɗe murfin jakarsa ya nuna filastar, ya naɗe hannun riga ya ajiye gwiwar hannunsa a gefenta. Gicciye biyu, kamar tagwaye.

"Filasta kowa yana yankawa," in ji Mai Kemis, ko gezau.

"Haka ne, Baba. Wa ya gaya maka ina da sukari?"

Dattijon ya dubi Auta. "Ƙanwarka mana."

"Sukari?" Auta ta shigo har tsakiyar ɗakin ba ta sani ba. "Yaya, yaushe ka yi gwaji? Sukari gare ka kake shan shayin nan? Yaya, ka dube ni."

"Auta, shari'arki ake yi," in ji Ɓera.

"Matarka ta sani?"

"Dakta," in ji Ɓera da sauri, "gaya musu. Jinina ya bi ta teburinta?"

Dakta ya gyara tabarau. Ya ce gwajin kyauta ba shi da rasit, abin da ba shi da rasit kuma ba ya zuwa teburin gaba, a jakar na'ura yake zama.

"To ko kai ka gaya wa wanka?"

"Ban ma duba ba."

"Wata guda jinina yana hannunka ba ka duba ba?"

"Ai kyauta ne," in ji Dakta.

Injiniya ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Sauran ɗakin ba wanda ya yi dariya. Kowa Mai Kemis yake kallo, wata mata ta jawo 'yar kwalbarta ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi.

Dattijon bai sunkuyar da kai ba, wannan ne ya fi ƙona ran Ɓera. "Intanet na ja," ya ce. "Gini ɗaya, ciki ɗaya, sai in je in sa nawa daban? Da na jona na ga jaka a buɗe. To mutum ya fito daga nan da takarda ya zo wurina, in ce masa babu maganin? Sai na riƙa dubawa ina tanada. Matar wannan ta zo sayen maganin tari, na ce a ware reza. Laifi ne a kare iyali? Kai kanka yau na cece ka daga lemo."

Mai burodi ya miƙe. Mutum biyu suka riƙe shi, ya ja su taku ɗaya kafin ya tsaya.

"Da aka kori ƙanwata kana ina?" in ji Ɓera.

"Ina shago."

"Ka ji?"

"Kowa ya ji."

"Me ka yi?"

"Na zare wayar da yamma. Na rufe ramin da kyau."

"Da kyau kam," in ji Ɓera. Ransa a ɓace yake, kuma a karon farko tun safe ba don akwatin ba. "Ka kwana, ka tashi, ka dube ni ka ce mata da magana."

Dakta ya shiga tsakani yana ɗaga hannuwa. "Ya isa. Yaya Babba ne ya yi min karatu, ba zan tsaya a ci mutuncinsa ba. Maganar gida ce, a gida za a kashe ta. Auta, koma teburinki, komai ya wuce. Ɓera, jona mana."

Auta ba ta motsa ba. "A ina ka kore ni, Dakta?"

"Na ce ya wuce."

"A kan matakala ka kore ni. A can za ka dawo da ni."

Dakta ya dubi Ɓera. Ɓera ya dafa aljihunsa, ya dubi rufi. Dakta ya dubi masu jira, ya ga babu mai shirin tashi, irin wannan ba kullum ake samu da kuɗin gwajin fitsari ba. Ya dubi firinta da rabin takardarta. Daga ƙarshe ya fita, ya tsaya a kan matakala, ya yi gyaran murya, ya ce wa takalmansa an samu kuskure, yarinyar nan ba ta da laifi.

"Ban ji ba," in ji Auta daga ciki.

"Na faɗa."

"Mai facin taya yana ta bugun abinsa. Jiya ajiye guduma ya yi."

Jijiyar wuyan Dakta ta tashi. Ya cika ƙirji. "Jama'a, ku ji. Auta ba ta sayar da asirin kowa ba. Ƙazafi na yi mata. Daga gidana ɓarnar ta fito."

Guduma ta yi shiru a ƙetaren titi. Masu shayi suka ɗago. Wata taga ta buɗe a sama.

Auta ta zagaya bayan tebur, ta jawo kujerarta, ta kakkaɓe garin fulawar da ya kwana a wurin, ta zauna. "Yanzu na ji. Yaya, jona."

Ɓera ya zaro wayar wutar, ya nufi sito.

"Ita an wanke ta," in ji mai burodi, a hankali, ba da kowa yake yi ba. "Ni wa zai fita ya gaya musu su ci burodina?"

Mai Kemis yana duban faratansa.

Ɓera ya tsaya. Ya dubi ƙanwarsa, ta ɗauke hannu daga kan kwamfuta ta harɗe su a ƙirji. Ya sake naɗe wayar, ya mayar aljihu, ya ajiye jakar kayan aiki a tsakar ɗaki ya zauna a kanta, gwiwa tana kuka.

"Baba," ya ce wa Mai Kemis, "matakalar tana nan."